Lambar Malam Rajista

Saƙo na farko ya shigo ne da ƙarfe bakwai saura kwata na safiyar Litinin, Malam Rajista yana durƙushe yana laluben safarsa a ƙarƙashin gado. Wayar tana falo kusa da kofin shayin matarsa, don haka ita ta ɗauka.

"Baban yara," ta kira shi, da muryar nan da ta tanada musamman don ranar da za ta kama shi, ranar da shekara ashirin da takwas ke nan ta ƙi zuwa. "Wace ce wannan da ake yi wa barka da zuwa a wayarka?"

Ya fito, safa ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Saƙon daga wurin aikinsa yake, kamfanin da ke raba tukwanen gas na girki. An ambaci sunan wata mata, an sanar da ita cewa an buɗe mata sabon asusu, kuma kamfani yana alfahari da ita. Bai gama karantawa ba wani ya shigo, wannan karon da sunan namiji. Sai wani, sai wani. Wayar ta dinga rawa a kan tebur har cokali ya fara amsa mata daga cikin kofi.

"In siyasa ka shiga ba ka gaya mini ba," in ji matar, "to ka fara da ƙafar dama. Ga jama'a."

Bai yi dariya ba. Yana cikin motar haya saƙonnin suka haura ɗari biyu, har wanda ke kusa da shi ya tambaye shi ko haihuwa aka yi masa. Yana isa ƙofar kamfani wayar ta yi shiru, a kan ɗari huɗu da goma sha biyu. Ba ya bukatar kowa ya yi masa bayani. Tun daga suna na uku ya gane mutanensa.

Shekara ashirin da shida ya yi yana buɗe wa mutane fayil a kamfanin nan, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Malam Rajista yake ce masa. Aikin ba wuya: mutum ya zo, a cike masa fom mai gurbi goma sha bakwai, a ba shi aron tukunyar kamfani mai lamba a wuya, ya riƙa kawowa ana cika masa. Wuyar a wancan zamanin mutum ɗaya ce, tsohon darakta, wanda ake kira Jan Biro. A wurin Jan Biro, gurbin da aka bari fanko a fom ƙofa ce da aka bar wa ɓarawo a buɗe. Zai zagaye wurin da ja, ya dawo da takardar, ba ya ƙara ko kalma. Fom ɗin da ya dawo kuwa, mai shi ba zai ga tukunya ba.

Sai aka ƙara gurbi na goma sha takwas: lambar waya. A lokacin rabin masu zuwa ba su taɓa riƙe waya ba. Akawu suka fara rubuta "babu". Jan Biro ya zagaye, ya sauko da kansa ya sanar da su cewa babu ba lamba ba ce. Mata suka riƙa tsayuwa gaban tebur da goyo a baya, ido ya yi ja da hayaƙin itace, ana ce musu su je su nemo waya kafin su dafa abinci.

Malam Rajista ne na farko a ofis da ya sayi wayar hannu, wata ƙatuwa mai nauyin rabin bulo. Abokin teburinsa, wani siriri da ake kira Dogo, shi ya kawo shawarar.

"Sa taka mana. Lamba dai yake so, ba ya ce ta wa ba."

Haka abin ya zama tsarin aiki. Akawu huɗu ne a ɗakin, duk suka haddace lambarsa fiye da yadda suka haddace ranar haihuwar 'ya'yansu. Jan Biro ya sani sarai, don ya taɓa ɗaga fom biyar a jere, ya dubi lambar, ya dubi Malam Rajista, ya ce yanzu kuka fara aiki. Wani lokaci ma mai sito kan kira wayar ya ce tukunyar wance ta iso, shi kuma in an tashi ya biya ta gidan ya faɗa mata. Shekara shida aka yi a haka, har waya ta zama abin da ko mai gyaran takalmi yana da biyu. Jan Biro ya rasu. Akawu ɗaya ya bi shi. Dogo ya hau bene, ya yi tumbi, ya zama Manaja, sunan Dogo kuma aka yi masa ritaya.

Bara ne hedikwata ta sayo manhajar ƙirƙirarriyar basira, wadda za ta karanta tsofaffin takardu ta buɗe wa kowane kwastoma sabon asusu a kwamfuta, ba sai an sake tara mutane ana tambayarsu sunan unguwa ba. Ma'aikata suka sa mata suna Sabon Akawu. Wata matashiya da ake kira Injiniya ta zo da ita, shi kuma aka ce ya taimaka, tunda shi ya san inda komai yake. Wata uku yana ɗauko fayil daga ɗakin ajiya, yana cire ƙarfen da aka maƙale takardu da shi, yana miƙar da waɗanda suka nannaɗe, yana ɗora su a kan gilashin na'ura. Fom dubu goma sha tara. Ya ga abin mamaki, kuma ya yarda ya gani: Sabon Akawu yana karanta har rubutun Dogo, wanda Dogo da kansa kan kawo masa a da ya ce me na rubuta a nan. Da aka gama, Manaja ya yabe shi a taro, aka tafa masa sau uku. Aka yanka takardun a inji, aka nemi dattijo mai amana ya sa hannu a matsayin shaida. Wa ya fi shi?

Ƙarfe goma na safiyar Litinin ɗin aka kira shi bene.

Mutum uku ne a ɗakin taro. Manaja a kan tebur, Injiniya a gefe da kwamfutarta, sai wani saurayi mai farin gilashi da hedikwata ta turo, Odita, wato mai binciken lissafi. An ajiye wa kowa ruwan gora, har da shi, abin da ya tabbatar masa cewa maganar ba ta alheri ba ce.

"Malam, wannan lambar taka ce?" in ji Odita.

"Tawa ce."

"Tun yaushe?"

"Tun kana firamare, ina jin."

Odita ya yi murmushin mutumin da aka koya wa murmushi a wani kwas. "Gida nawa gare ka?"

"Ɗaya. Shi ma na haya."

"To ga mutum ɗari huɗu da goma sha biyu, a unguwa goma sha tara, wayarsu ɗaya, kuma tana cikin aljihunka. Kowannensu an ba shi tukunyar kamfani. Kai ne mai buɗe fayil. Ka ga yadda abin yake a takarda?"

Ya gani. A takarda, shi mutum ne da ya ƙirƙiro kwastomomin bogi ya kwashe tukwane. Ya juya ya dubi Manaja, yana jiran dariyar da za ta kashe maganar, dariyar da za ta fara da "Kai, ai wannan tsohon labari ne." Manaja yana nazarin murfin gorarsa kamar an rubuta wani abu mai muhimmanci a ciki.

Sai ya yi bayani da kansa. Ya faɗi Jan Biro, ya faɗi gurbi na goma sha takwas, ya faɗi mata masu goyo. Yana magana yana jin yadda labarin ke fita daga bakinsa kamar wanda aka shirya a hanya.

"Wannan umarni a rubuce yake?"

"Marigayi ba ya rubuta umarni. Zagaye yake yi."

"Wa zai tabbatar?"

"A duba rubutun hannu. Hannu huɗu ne a kan fom ɗin nan, ba nawa kaɗai ba."

Injiniya ta gyara zama. Yarinya ce mai kirki, wata uku tana ce masa Baba, tana kawo masa shayi in ta haɗa nata. "Baba, hotunan takardun kwana talatin ake ajiye su, daga nan a goge, saboda sirrin kwastomomi. Yana cikin yarjejeniya. Manhajar kalmomin take ɗauka, ba ta ajiye hannun da ya rubuta."

"Takardun kansu fa?" in ji Odita.

"An yanka," in ji Manaja. Kalmarsa ta farko ke nan.

"A gaban wa?"

Odita ya buɗe fayil, ya samo takardar shaida, ya dubi sa hannun Malam Rajista, ya rubuta wani abu a hankali, yana jan layi a ƙasa. Aka ce Malam Rajista ya ɗan huta a gida har kwamiti ya gama aiki. Ba dakatarwa ba ce, an jaddada masa, hutu ne. Sai dai ya bar mabuɗin ɗakin ajiya a kan tebur.

Da ya sauko ya tsaya wurin Anti. Ita ce ta huɗun akawun nan na da, yanzu tana teburin karɓar baƙi, tana gaya wa mutane cewa Manaja yana taro. Labari ya riga shi saukowa, don tana ganinsa ta fara gyara biron da ba su karkace ba.

"Anti, kin tuna lambata?"

Ta karanto masa ita tiryan-tiryan, a hankali, ba ta ɗago kai ba.

"To ki hau ki karanta musu."

"Yaya, yara uku nake riƙe da su ni kaɗai, ka sani. In na ce na rubuta, to ni ma bogi na rubuta. Za su ce mu biyu ne. Kai ko ba komai shekara ɗaya ta rage maka."

"Wata goma sha ɗaya."

"Ka gani."

Bai ga komai ba, amma bai iya jin haushinta ba, abin da ya ƙara ba shi haushi.

Manaja kuwa, sai da Malam Rajista ya tsare shi a wurin ajiye motoci, da yamma, yana ƙoƙarin shigar da tumbinsa bayan sitiyari.

"Ranka ya daɗe."

"Haba, wane irin ranka ya daɗe tsakaninmu."

"To, Dogo. Wa ya ce sa taka mana?"

Manaja ya dubi hagu, ya dubi dama, ya rage murya. "Ka ɗauka na manta? Na tuna komai. Har wayar na tuna, mai eriya. Amma tunawa a mota daban, tunawa a gaban yaron hedikwata daban."

"Me ya raba su?"

"Saurara. Mutanen nan sun sayo abin nan da tsada, kuma ni na ce a sayo. Rahoton farko ya tafi tun makon jiya, an rubuta cewa manhaja ta gano wata ɓaraka ta shekara da shekaru. Darakta ya kira ni da kansa ya ce madalla. Yanzu in koma in ce ba ta gano komai ba sai ni da kai muna cike gurbi? In ce Manaja da hannunsa ya rubuta lambar ƙarya a fom tamanin ko ɗari?"

"Ka ƙirga ke nan."

"Ka bar abin ya huce. Ba wanda zai taɓa haƙƙinka, ni na tsaya maka."

"Ba haƙƙi nake tambaya ba. Ɓarawo ake ce mini."

"Wa ya ce? Ka ji wani ya furta?" Manaja ya tayar da mota. "Ka gaida Madam. Ka ce mata ina nan zuwa."

A gida matarsa ta saurari labarin har ƙarshe tana tsinke ganye a faranti, sannan ta ce, "Tukunya ɗari huɗu. Ni kuwa shekara biyar da aurenmu da gawayi nake girki, kana cewa sai layi ya zo kanka. Ashe ɓarawo nake aure, amma mara amfani."

"Ba wasa ba ne, Maman yara."

"Ka ga ina dariya?"

Ya yanke shawara cewa tunda takarda ta mutu, mutane suna nan. Ya roƙi Injiniya jerin sunayen da adireshinsu, ta buga masa shafi goma sha ɗaya ta miƙo masa a bakin ƙofa, tana waige. Mako biyu yana bin unguwanni da jerin a hannu da biro a aljihu.

Unguwar bayan tashar jirgin ƙasa, inda yake da mutum sittin da uku, an rushe ta, an yi wurin ajiye manyan motoci. Mai gadin wurin ya ce shi tun da ya zo haka ya ga wurin. A wasu layukan an sauya lambobin gidaje sau biyu, gida na tara ya koma na arba'in da ɗaya. Inda ya sami gidan, mai shi ya tashi. Inda bai tashi ba, ya rasu, 'ya'ya sun raba kaya, tukunya ta bi wata ƙanwa zuwa wani gari. Waɗannan duk ya yi tsammaninsu. Abin da bai yi tsammani ba shi ne masu rai. Mutum ya ga dattijo da takarda da biro yana tambayar tukunyar kamfani ta shekara ashirin, me zai zaci? Wani magidanci ya tsaya a ƙofa ya rantse cewa shi gas ko a hoto bai san shi ba, alhali daga cikin gida ana jin tukunyar tana huci a ƙarƙashin miya.

"Ba karɓa na zo yi ba, ɗan'uwa. Lambar da ke wuyanta kawai zan duba."

"Haka na wutar lantarki suka ce."

Mutum tara ya samu da suka yarda ya kwafi lamba suka sa hannu. Ta taran wata tsohuwa ce mai ɗinki, a wani ɗaki mai taga ɗaya a bayan kasuwa, kekenta a bakin ƙofa don haske. Ta sauke gilashi ta dube shi.

"Ɗan nan mai waya! Kai ne ka zo cikin ruwan sama ka ce tukunyata ta iso. Ka tsufa."

"Ke ma, Mama."

"Ni da ma can tsohuwa ce. Me ya faru?"

Da ya gaya mata, ta ajiye almakashi ta ce a nemo mota. Ya ce sa hannu ya isa. Ta ce ita ba ta iya sa hannu ba, baki ta iya.

Ranar zaman kwamiti, direban motar haya ya hau bene da tukunyar tsohuwa yana gunaguni, ya dire ta a kan kafet ɗin ɗakin taro. Fenti ya gama barinta, amma lambar tana nan a wuya. Tsohuwa ta zauna a kujerar da ta ga ta fi laushi, wadda ta Odita ce, ta ƙi ruwan gora ta ce yana sa mata sanyin haƙori.

"Wane ne ya ce babu ni?" ta tambaya.

"Mama, ba wanda ya ce babu ke," in ji Odita. "Bincike ne kawai."

"To ga ni, bincika. Ga tukunya. Shekara ashirin da ɗaya, ba ta taɓa yoyo ba, ba kamar na yanzu ba." Ta bi fuskokin ɗakin ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan Manaja. Ta matso da gilashi. "Af! Ai wannan ne ma ya cike mini takardar. Dogon nan. Ka tambaye ni waya na ce ina zan samu, ka ce kar in damu, akwai ta abokinka. Lokacin ba ka da wannan cikin."

Malam Rajista ya dubi biron Odita, yana jiran ya sauka a kan takarda.

Manaja ya yi dariya, dariya mai kyau, ta mutumin da ke son tsofaffi. "Allah ya ƙara lafiya, Mama. Ni da na zauna da dubban mutane. Kin tabbata ba wani dogon ba ne?"

"Dogo nawa ne a ɗakin?"

"Shekara ashirin da ɗaya, Mama. Ni ko abin da na ci shekaranjiya sai an tuna mini."

"Ai ga alama ba ka manta ci ba."

Injiniya ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Odita ya rufe bironsa ya ajiye. Shi an turo shi ne a kan lamba ɗaya da akawu ɗaya, kuma Manaja ne zai sa hannu a takardar da ke cewa ya yi aikinsa da kyau.

"Mun gode, Mama," ya ce. "Kina da waya yanzu?"

"'Yata tana da ita."

Injiniya ta karɓi lambar, ta yi magana da Sabon Akawu, ko minti ɗaya ba a yi ba asusun tsohuwa ya gyaru. Har saƙon barka da zuwa ya tafi wa 'yar. Aka gyara sauran takwas ɗin ma. Aiki mai tsabta, ba zagaye, ba ja.

"Saura ɗari huɗu da uku," in ji Odita.

"Baba," in ji Injiniya a hankali, lokacin da ake sauko da tukunya, "manhajar ba ta ce ka yi sata ba. Lamba ce ta maimaitu, ta nuna. Iyakarta ke nan. Na rubuta haka a rahotona."

"Sun karanta?"

"Shafi na goma sha huɗu ne."

Bayan kwana goma takarda ta fito. Ya karanta ta a tsaye a ɗakin taro, sau biyu. Kwamiti ya gano cewa an shigar da bayanan da ba daidai ba a asusu ɗari huɗu da goma sha biyu. Kwamiti bai iya tabbatar da inda tukwane ɗari huɗu da uku suke ba. La'akari da daɗewarsa a aiki, kamfani ya amince ya yi ritaya nan take da cikakken haƙƙinsa, a rufe batun. In kuma bai amince ba, za a miƙa maganar ga hukuma ta ci gaba da bincike.

"Akwai layi ɗaya da ya ɓace," ya ce.

"Wanne?" in ji Odita.

"Inda za a ce ban ɗauki komai ba."

"Ba mu ce ka ɗauka ba, Malam."

"To ku rubuta ban ɗauka ba. Kalma uku ce. Ga biro."

"Wannan kuma ba mu da hujjarsa."

"Na kawo muku mutum tara."

"Shi ya sa aka rubuta ɗari huɗu da uku."

Manaja ya ce a ba shi kwana biyu ya yi shawara da iyali, ya faɗa da muryar wanda ya yi wa aboki babbar alfarma.

Matarsa ba ta yi barkwanci ba a wannan karon. Ta karanta takardar tana bin layi da yatsa, ta ninke ta, ta ɗora a kan firji.

"In ka ƙi, su kai ka inda za a tambaye ka mutum ɗari huɗu, kai da ka sha wuya kafin ka samo tara. A kira sunanka a gaban jama'a, 'yarka ta ji a wurin aikinta. Shekara nawa za a yi? Wa zai tsaya maka? Dogo?"

"In na sa hannu, na yarda ke nan."

"Ka yarda da me? Ba su ce komai ba."

"Shi ne ai."

"Na sani," ta ce. "Sa hannu ka dawo gida, Baban yara. Ni na san wanda nake aure."

Ya so ya ce mata ita ba ta cikin waɗanda ake bukatar su sani, amma ya ga idonta, sai ya ɗauko takardar daga kan firji ya sa a aljihu.

Ranar Alhamis ya sa hannu. Ba a yi taro ba, ba a tafa ba. Ya sauka ya kwashe abin da ke cikin aljihun teburinsa a jakar leda mai hannu. A farfajiya leburori biyu da ke loda tukwane suka daina magana da ya matso, suka gaishe shi da ladabi fiye da kullum. Ya riga ya ji daga bakin Anti cewa a sito labarin ya kai tirela biyu da gida mai bene a wani gari.

A bakin ƙofa maigadi ya miƙe daga bencinsa. Shekara goma sha biyar suna gaisawa safe da yamma, kuma Malam Rajista ne ya cike masa takardar neman aikin, don ba ya rubutu.

"Malam, an tafi ke nan?"

"An tafi."

"Allah ya sa albarka." Bai matsa daga hanya ba. Ya sosa ƙeya, ya dubi ƙasa. "Malam, ka yi haƙuri. An ce in duba jakar."

"Wa ya ce?"

"Daga sama."

"Kana ganin tukunya za ta shiga nan?"

"Wallahi ni ma na faɗa musu. Ka yi haƙuri, Malam. Aikina ne."

Ya ɗora jakar a kan benci ya fara fitarwa da kansa, ɗaya bayan ɗaya. Kofin shayi mai tsagaggen baki. Gidan tabarau. Maganin hawan jini. Tsohon kalanda da bai san dalilin da ya ɗauko shi ba. Wani ƙaramin ƙarfe na cire maƙalin takardu, wanda maigadi ya ɗaga yana juyawa, yana tunanin ko na kamfani ne.

Sai aka yi hon daga baya. Motar Manaja ce za ta fita. Maigadi ya ajiye ƙarfen ya ruga ya buɗe ƙofa, ya ƙame. Motar ta wuce a hankali, gilashi a rufe, hannu ɗaya ya ɗago daga ciki.

Malam Rajista ya tsaya a gaban bencin, jakar a buɗe a hannunsa, yana jira maigadi ya dawo ya gaya masa ko zai iya mayar da kayansa.